Jarrabawar Nas: Mu Rage Neman Hanya, Mu Nema wa Yaranmu Ilimin Aikin



A 'yan shekarun nan an samu canji mai faranta rai a cikin al'ummarmu ta Legas da sauran garuruwan kudu. Yaranmu mata da maza sun fara shiga makarantun koyon aikin jinya da ungozoma, abin da a da sai ka zaga unguwa guda ba ka samu mutum ɗaya ba. Amma akwai wata ɗabi'a da ta biyo wannan ci gaba, kuma ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta tun kafin ta yi jijiya. Duk lokacin da jarrabawar hukuma ta ƙarato, ko aka ji wani asibiti zai ɗauki ma'aikata, buƙatun da ke zuwa ofishin ƙungiya kusan iri ɗaya ne: wa muka sani a ciki, wa zai sa mana hannu, a ina ake samun tambayoyin. Da wuya ka ji uban da ya zo yana cewa 'yata ba ta gane lissafin magani ba, a samo mana mai koya mata.

Matsayinmu a kan wannan a fili yake. Kuɗi da lokacin da ake ɓatawa wajen neman hanya da sayen tambayoyi, in da an zuba su a kan ilimin aikin kansa, da yaranmu sun fi cin jarrabawa, sun fi samun aiki, kuma da marasa lafiyarmu sun fi samun kwanciyar hankali a hannunsu. Za mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, me ya sa wannan magana ta shafe mu fiye da kowa? Ku dubi inda muke zaune. A Idi-Araba, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas maƙwabcinmu ne. A Ibadan, Sabo ba ta da nisa da babban asibitin koyarwa na UCH, wanda makarantarsa ta koyon jinya ke aiki tun 1952. Mutanenmu na Agege, Mile 12, Alaba Rago da Shagamu kullum suna kan hanyar asibiti. Muna shiga a matsayin marasa lafiya da masu jinya, amma kowa ya ƙirga da kansa sau nawa ya tarar da nas mai jin Hausa a bakin gado. Matar da aka auro daga gida, ba ta jin Turanci, ba ta jin Yarbanci, ta je awon ciki, sai an kira mijinta ko wani yaro daga waje ya yi mata tafinta. Akwai abubuwan da mace ba za ta taɓa faɗa ta bakin yaro ba, ko da kuwa su ne za su ceci ranta. Sai ta ce lafiya lau, ta koma gida. Wasu ma saboda wannan kunya da wahalar harshe sukan haƙura da asibitin gaba ɗaya, su tsaya a kemis ɗin layi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a dalilin ciki da haihuwa a duk duniya, a Najeriya suke. Saboda haka nas ɗinmu guda ɗaya da ta san aikinta, a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Legas ko Ibadan, alheri ce ga gidaje ɗaruruwa. Amma fa sai in ta san aikin. Idan takarda kawai ta riƙe, jin Hausarta sai ya zama abin da zai sa mutanenmu su sakankance da hannun da zai cutar da su.

Na biyu, mu san ƙofofin da yaro zai bi, domin yawancin asarar da iyaye ke yi daga rashin sanin wannan take farawa. Hukumar da doka ta ba ikon yi wa nas da ungozoma rajista a ƙasar nan ita ce Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda dokar da ta kafa ta a wannan tsari ta fito a 1979. Kafin a shiga makaranta ana buƙatar kiredit biyar a Turanci, lissafi, bayoloji, kimistiri da fizis, a zama ɗaya ko biyu. Daga nan akwai hanyar kwalejin jinya, akwai ta jami'a mai shekara biyar. Ko wacce aka bi, ƙarshenta jarrabawar hukumar ce. Ta aikin jinya akan yi ta a watan Mayu da Nuwamba, ta ungozoma kuma a Maris da Satumba. Akwai ɓangaren da ake amsawa a kwamfuta, akwai kuma na gwajin aiki da ake kira OSCE, inda ɗalibi zai riƙa bin tasha bayan tasha, a kowace a ba shi 'yan mintuna ya yi wani aiki da hannunsa, malami na tsaye yana ba shi maki. Sai an haye waɗannan ake samun rajista da lasisi. Lasisin ma ana sabunta shi lokaci bayan lokaci, tare da shaidar an halarci kwas na ƙarin ilimi.

A nan dole mu ja hankalin iyaye a kan abin da ake kira ogzilari nas, wanda ya cika ƙananan asibitocin kuɗi a nan kudu. Za a karɓi kuɗinka, a ɗinka wa yarinya farin kaya, ta yi shekara biyu ko uku tana goge-goge da miƙa allura, a ƙarshe a yi biki a ba ta takarda mai ado. Wannan takarda hukuma ba ta san da ita ba. Mai riƙe da ita ba za ta zauna jarrabawar NMCN ba, ba za ta samu lasisi ba, babu asibitin gwamnatin da zai ɗauke ta a matsayin nas. Araha ba ta ado. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su.

Na uku, kuma wannan shi ne zuciyar maganar, me ake tambaya a waɗannan jarrabawowi? Da yawa daga cikin iyaye suna ɗauka hadda ce, irin ta sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi. Akwai wannan, amma mafi nauyin abin da ake aunawa shi ne: ga mara lafiya a gabanka da alamomi kaza, me ka gani, me za ka fara yi, kuma don me. Bari mu kawo misalai, domin uban da bai taɓa shiga aji ba ma ya ga irin nauyin da ke kan 'yarsa. Muna roƙon kada wani ya ɗauki lambobin da za mu ambata ya je ya gwada a gida, mun kawo su ne don a ga yanayin karatun.

Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne awon alamomin rai. Bugun zuciyar babban mutum yana tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, numfashinsa tsakanin 12 da 20. Wanda ya haddace wannan kawai, in aka ce masa ga jariri sabon haihuwa zuciyarsa na bugawa 140, sai ya ɗaga hankali, alhali ga jariri wannan daidai ne. Wannan 140 ɗin kuma a jikin magidancin da aka kawo daga haɗarin mota, fatarsa ta yi sanyi tana gumi, alama ce ta jini na zuba ko da ido bai gan shi ba. Haka numfashi: yaro ɗan wata 2 zuwa 11 mai tari, in numfashinsa ya kai 50 a minti, an shiga zargin namoniya, ɗan shekara 1 zuwa 5 kuwa daga 40 ake fara wannan zargi. Lamba ɗaya, ma'ana daban, gwargwadon jikin da aka same ta.

Sai tambayoyin wa za a fara dubawa. Za a ce kina aikin dare ke kaɗai, ga marasa lafiya huɗu. Ɗaya an yi masa tiyata jiya yana ta kiran zafi ya dame shi. Ɗaya zazzaɓinsa ya tashi. Ɗaya danginsa sun tsaya a kanki suna faɗa a sallame shi. Na huɗu mai asma ne, ɗazu yana ta huci, yanzu ya yi shiru, ba ya iya ƙarasa jimla. Wanda bai yi aiki a ɗakin marasa lafiya ba zai ruga wurin mai ihu. Wanda ya koyi aikin ya san ƙa'idar: hanyar iska tukuna, sannan numfashi, sannan zagayen jini. Mai ihu yana da iskar yin ihun. Mai shirun nan shi ne zai iya tafiya kafin a gama rarrashin sauran.

A ɓangaren haihuwa, babbar mai kisa ita ce zubar jini. Ana kiran ta da wannan suna idan jinin da mace ta zubar cikin awa 24 bayan haihuwa ya kai mililita 500, wato rabin lita. Dole ɗaliba ta san dalilai huɗu da ke kawo ta: mahaifa ta saki ta ƙi tsukewa, wanda shi ne mafi yawa, ko yagewa a hanyar haihuwa, ko guntun mabiya ya maƙale a ciki, ko jinin ya kasa daskarewa. Dole ta san ana yin allurar oksitosin da zarar jariri ya fito don rigakafi, ta san yadda ake murza ciki har mahaifa ta yi tauri, ta kira taimako ba tare da ta bar matar ba. Kuma wannan ilimi ba tsaye yake wuri ɗaya ba. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano ke cikin jagororinsa. An gano cewa idan aka shimfiɗa leda mai ma'auni don a ga ainihin yawan jinin maimakon ƙiyasin ido, kuma aka haɗa matakan magani a lokaci guda maimakon a riƙa gwada ɗaya ana jiran ɗaya, mummunar zubar jini da abin da take haifarwa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Yarinyar da ke haddar takardun tambayoyi na shekara goma da suka wuce ba za ta haɗu da wannan a ciki ba.

Haka jijjigar masu ciki, wadda a unguwanninmu sau da yawa akan fara danganta ta da iska kafin a tuna da asibiti. Mace mai ciki da ya wuce mako 20, jininta ya hau zuwa 140 bisa 90, ga furotin a fitsari, sannan ta fara kukan ciwon kai mai tsanani, gani ya dushe, ko zafi a saman ciki: wannan gargaɗi ne cewa jijjiga na tafe. Maganin da ake bayarwa shi ne maganiziyam salfet. Amma jarrabawa ba ta tsayawa a sunan maganin. Za ta tambaye ki me za ki duba kafin ki ƙara wani zubin. Amsar ita ce numfashi kada ya gaza 16 a minti, gwiwa ta motsa idan an ƙwanƙwasa, fitsari kada ya gaza mililita 30 a awa. In maganin ya yi yawa a jiki, makarinsa kalsiyam gulukonet ne, kuma ya kamata yana kusa da gadon. Maganin da ke ceton mace shi ne zai tsayar mata da numfashi a hannun wanda ya san rabin karatun.

Sai lissafi, wanda shi ne ke kayar da yaranmu da yawa, kuma shi ne iyaye ba su san yana cikin aikin nas ba. Likita ya rubuta a ba mara lafiya ƙarin ruwa lita ɗaya cikin awa 8, igiyar ruwan kuma tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Ɗigo nawa a minti? A ninka 1000 da 20, a raba da minti 480, amsa kusan ɗigo 42. Wanda ya haddace 42 daga tsohuwar takarda, ranar jarrabawa sai a ce awa 6, amsa ta koma 56, shi ke nan ya faɗi. A ɗakin marasa lafiya kuwa kuskuren ba maki yake ci ba. Ruwan da ya yi gudu a jikin ƙaramin yaro ko tsoho mai ciwon zuciya yana iya cika masa huhu. Ga wani: yaro mai nauyin kilo 12, ana ba da farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, ke nan miligiram 180. Kwalbar ruwan maganin tana ɗauke da miligiram 120 a kowace mililita 5, saboda haka mililita 7.5 za a auna. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, inda allurar atesunet ta jijiya take miligiram 2.4 a kowane kilo, amma ga yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ce, ana yi a farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24. Ninkawa da rabawa ne irin na 'yan firamare, wanda duk ɗan kasuwarmu yake yi da ka a Mile 12. Abin da ya rage shi ne a zaunar da yaro ya yi ta maimaitawa har hannunsa ya faɗa.

Akwai ƙarin jini: nas ba ta barin gefen mara lafiya a minti 15 na farko, kuma in ya fara rawar sanyi, ciwon baya ko sarƙewar numfashi, matakin farko shi ne a tsayar da jinin nan take, sannan a kira likita. Al'ummar da ke da masu sikila da yawa kamar tamu ta san darajar wannan. Akwai mai ciwon suga da aka yi wa allurar insulin bai ci abinci ba, ya fara gumi da karkarwa da sambatu. Wanda bai sani ba zai ce sugan ne ya hau, alhali faɗuwa ya yi, kuma in ya suma ba a ɗura masa komai ta baki. Akwai jadawalin rigakafin yara: na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta tun ranar haihuwa, allurar penta a mako 6, 10 da 14, ƙyanda da shawara a wata 9.

Sai kare kai da kare wasu daga ɗaukar cuta, wanda ɗalibai kan raina saboda wanke hannu ne da sa safar hannu. Mu mazauna Legas bai kamata a tuna mana ba. A watan Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da cutar Ebola garin nan. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Ameyo Adadevoh wadda ta hana shi fita ya shiga gari, da wata nas mai suna Justina Ejelonu. Zuwa ranar 20 ga Oktoba na shekarar aka tabbatar an kawar da cutar daga Najeriya. Kuma har yanzu kusan kowane rani zazzaɓin Lassa yana tashi a jihohi irin su Ondo, Edo da Bauchi, yana taɓa ma'aikatan lafiya. Tambayar yadda ake cire safar hannu da aka yi wa 'yarka a OSCE, ranta ake tsarewa da ita.

To, da wannan a gabanmu, mu dawo kan masu sayar da tambayoyi a WhatsApp da Telegram. Mafi yawansu tsofaffin tambayoyi ne suke sake wa riga su karɓi kuɗin yara. Amma ko da a ce na gaske ne, me aka saya? Babu wanda zai sayar maka da hannun da ya iya sa robar fitsari ko auna jini a gaban malami. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2023 hukumar jinya ta Birtaniya ta gano alamun maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, inda aka ga wasu na gama jarrabawa cikin lokacin da hankali ba zai ɗauka ba. Ta soke sakamakon kowa da kowa da ya zauna a cibiyar, mutum kusan 2,000, har da waɗanda suka riga suka fara aiki a can. Masu gaskiya sai da suka sake zama, waɗanda aka samu da laifi wasu an cire su daga rajista, kuma sunan nas ɗin Najeriya gaba ɗaya ya samu tabo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu ba ma adawa da duba tambayoyin baya, suna da amfani wajen sabawa da salon jarrabawa da saurin amsa. Sharaɗi ɗaya ne: kowace amsa yaro ya iya faɗin dalilinta, ya kuma iya faɗin me ya sa sauran ukun ba su yi ba.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce Sakatare, kai ma ka san aiki a ƙasar nan sai da wani. Za su ƙara da cewa yaronmu da aka haifa a Agege ko Sabo, idan jiha za ta ɗauki ma'aikata sai a tambaye shi takardar asali, a nan a ce baƙo ne, a gida a ce ba a san shi ba. Wannan ciwo ne na gaske kuma ƙungiyoyinmu za su ci gaba da magana a kansa a inda ya dace. Amma mu yi lissafi da idon basira. A gasar waye ya san wane, mu da muke baƙunta ba mu da rinjaye. Ɗan gari ya fi mu sanin mutane ko yaushe. Filin da muke daidai da kowa shi ne gaban kwamfuta da gaban masu tantancewa. Asibitocin tarayya, na soja, manyan asibitocin kuɗi da ƙungiyoyin agaji suna yin jarrabawa da ganawa, kuma shugabar nas da ke zaune a teburin ta san ita za ta kwana da wanda aka ɗauka. Ko a inda hanya ke aiki, wanda zai sa maka hannu ya fi samun ƙarfin gwiwa in yaron ya ci maki mai kyau. Sannan a farkon 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Gurabe na buɗewa, kuma asibitoci na neman hannun da za su iya sakar wa ɗaki. Wanda kuma yake da burin fita, Birtaniya na da jarrabawar kwamfuta da OSCE da gwajin Turanci, Amurka na da NCLEX, Saudiyya na da tata da aka fi sani da Prometric. Babu kawun da zai bi ka can. Ilimin nan dai shi ne guzurin.

Wasu iyayen kuma damuwarsu aikin dare ne da cuɗanya a asibiti, har sukan hana yarinya zuwa aikin koyo a ɗakin marasa lafiya, su ce ta zauna gida ta yi karatu tunda jarrabawa ce a gaba. Muna fahimtar wannan kishi, amma a nan ne ake yanke mata hannu. Abin da za ta gani a dare ɗaya a ɗakin haihuwa ya fi abin da za ta karanta a mako guda. Mafita ita ce a tsara mata abin hawa mai aminci, a san abokan tafiyarta, a san shugabarta a wurin. Kuma mu tuna duk wanda ke son mace ce ta duba matarsa, to dole wani ya yarda 'yarsa ta koyi aikin. Haka samarinmu, su cire tunanin cewa jinya aikin mata ne. Dattijonmu da ke kwance a ɗakin maza zai fi sakewa da namiji ɗan'uwansa.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Na ɗaya, kowace unguwa ta tattara sunayen yaranta da ke makarantun jinya da ungozoma da ajin da suke, a kawo wa shugabanni. Ba za mu iya taimakon wanda ba mu san da shi ba.

Na biyu, nas-nas da ungozomomi da likitocinmu da ke aiki ko suka yi ritaya, muna roƙonsu awa biyu a mako, Asabar ko Lahadi, su zauna da waɗannan yara a ajin Islamiyya ko harabar ofishi. Darasin ya zama na misalin mara lafiya da lissafin magani da gwajin aiki da agogo a hannu, kamar yadda za a yi musu ranar OSCE.

Na uku, 'yan kasuwarmu masu hali, abin da ake buƙata bai kai kuɗin rago ɗaya ba: na'urar awon jini, ma'aunin zafi, abin sauraron ƙirji, sirinji da igiyar ƙarin ruwa na gwaji, sababbin littattafai kaɗan, da tsohuwar kwamfuta ɗaya ko biyu. Akwai yaran da suka san amsa amma hannunsu bai saba da kwamfuta ba, lokaci ya ƙare musu a banza.

Na huɗu, a fara gyara tun daga sakandare. Yarinyar da ke son zama nas, a kula da lissafinta da kimistirinta da Turancinta tun tana aji huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, iyaye mata musamman, a rage wa ɗaliba aikin gida da aike a watannin jarrabawa. Wadda ta kwana a tsaye a asibiti ta dawo ta hau wanki da girki, da wane ƙarfi za ta buɗe littafi?

Na shida, wanda ya faɗi jarrabawa kada a mayar da shi abin nuni a unguwa. A zauna da shi a gano ɓangaren da ya kayar da shi, a gyara, ya sake shiga. Kunyar faɗuwa ce ke tura yara da yawa hannun masu sayar da amsa.

Ku kuma ƙannenmu ɗalibai, ku riƙe wannan: duk tambayar da kuka gani a takarda, akwai mutum a bayanta, kuma wata rana mutumin zai iya zama mahaifiyar ɗayanku. Idan kuna aikin koyo, kada ku ɓuya a bayan tebur kuna danna waya. Ku bi manyanku, ku tambaya, ku nemi a bar ku ku yi da hannunku a gabansu. Abin da ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba tun kuna da farin kayan ɗalibai, domin ranar da aka ba ku lasisi, ku za a riƙa tambaya.

Duk ma'aikacin lafiya da ke shirye ya ba da lokacinsa, da duk mai ɗa ko 'ya a makarantar jinya, ya yi magana da wakilin unguwarsa ko ya ajiye mana saƙo a nan. Masu gyara ko ƙarin bayani, musamman waɗanda ke cikin aikin, ƙofa a buɗe take.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya